Wasa da Wuta da Abin Sha'awa a Bakin Jama'a

Duk wanda ya saba zama majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i, a Kano ne ko Katsina ko Zariya, ya san akwai waɗansu maganganu da ba su ƙarewa. Yau a ɗauko su a ja, a ajiye, gobe a sake ɗaukowa kamar ba a taɓa yi ba. Uku daga cikinsu zan duba a wannan takarda: wasannin nan na na'ura da samari ke kira gem, da sha'anin wuta da mai, da kuma abin da mutum kan yi da lokacinsa in ya tashi daga aiki.

Mai karatu ya yiwu ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Amsar tana cikin wani ɗan shago da ba a rasa irinsa a unguwanninmu, watau gidan gem. In ka leƙa ciki za ka ga benci biyu ko uku, da talabijin a jere, kowace an haɗa ta da na'urar wasa, yara da samari sun yi cirko-cirko suna jiran layi. A waje kuwa ga ƙaramin janareta yana ta ƙara. In an kawo wuta, mai shago ya kashe inji ya huta. In kuɗin mai ya hau, kuɗin wasa ya bi shi. To, ga uba ya zo neman ɗansa yana faɗa, ga mai shago yana ƙunƙuni kan tsadar mai, ga shi kuma yaron yana cewa shi wannan ne abin da ransa ke so. Ra'ayoyi uku ke nan sun gamu a ɗaki guda.

Aikina nazarin harshe ne, saboda haka ta fuskar harshe zan zo wa maganar. Abin da nake so in nuna shi ne, sau da yawa kalmar da muka saba faɗi takan yanke hukunci tun ba a fara gardama ba, har mutum ya zaci shi ya yi tunani ya kai ga ra'ayinsa, alhali kuwa kalma ce ta kai shi. Wannan batu tsoho ne ga masu ilmin harsuna. Edward Sapir da almajirinsa Benjamin Whorf sun yi rubuce-rubuce a kansa a Amurka tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Yawancin masana na yanzu ba su yarda harshe yana ɗaure tunani tamau ba, amma sun yarda yana shimfiɗa masa hanya, ƙafa kuwa hanyar da ta saba ita take bi.

Ra'ayi da alamunsa

Ita kalmar ra'ayi aro ce daga Larabci, tushenta kuwa a can shi ne gani. Bahaushe ma da gani yake auna abin, gama yakan ce "a ganina", ko "ina gani", ko "yaya ka gani?" Mai gani kuwa daga inda yake tsaye yake gani. Ban da wannan, Hausa tana da waɗansu 'yan ƙananan kalmomi da ke nuna yadda mai magana ya riƙe maganarsa. Mu duba jimloli uku:

Ni dai gem ɗin nan bai kwanta mini ba.
Ai gem lalata yara yake yi.
Wai gem yana lalata yara.

Mai jimlar farko ya tsaya a kan kansa, ya bar wa abokin hira ƙofa a buɗe. Mai ta biyu ya ɗauki abin a kan sanannen abu ne wanda ba mai musu sai wawa. Mai ta uku kuwa ya faɗa, amma ya zame, in an tuhume shi sai ya ce ji ya yi. Abin da kunnena ya ba ni a majalisu shi ne, kowane ɗaya daga cikin batutuwan nan uku yana da kalmar da ta fi binsa. Maganar gem da "ai" ake yinta, maganar wuta da "wai", maganar abin sha'awa kuwa da "dai". Bari mu bi su ɗaya ɗaya mu ga dalili.

Wasa

Wasannin na'ura ba su daɗe a duniya ba. Cikin shekarar 1972 wani kamfani na Amurka mai suna Atari ya fito da Pong, wasan da ba kome a cikinsa sai 'yan sanduna biyu suna tura ɗigo ɗaya tsakaninsu. Kamfanin Nintendo na Japan kuwa, da ya zo ya shahara a wannan sana'a, an kafa shi ne tun 1889 a birnin Kyoto, kuma da buga karta ya fara. Kamfanin Sony ya fito da PlayStation cikin Disamba 1994. Amma jama'a da yawa a ƙasan nan ba su san abin ba sai da wayar hannu ta zo, suka ga wasan maciji da Nokia ta fara sa wa wayoyinta a 1997. A gidajen gem kuwa ba abin da ya kai wasan ƙwallon ƙafa kasuwa. Kamfanin EA ya fara fitar da nasa da sunan FIFA a 1993, ya sake masa suna a 2023 bayan sun rabu da hukumar ƙwallo ta duniya, amma har yanzu ba ka jin samari suna cewa kome sai FIFA.

Da abin ya shigo Hausa sai ya sami suna biyu. Samari suka ari kalmar Turanci suka ce gem, suka haɗa ta da aikatau ɗin da suke buga ƙwallo da shi, suka ce buga gem. Manya da gidajen rediyo kuwa suka ce wasan kwamfuta, ko wasan bidiyo. A nan ne gizo ke saƙa, domin kalmar wasa ba ta zo hannu sake ba. A Hausa wasa kishiyar gaske ne, kishiyar aiki ne kuma. Mukan ce "da wasa nake", watau kada ka ɗauki maganata. Mukan ce "ya yi wasa da damarsa", watau ya yi sakaci. Mukan ce "wannan ba wasan yara ba ne", watau abu ne na masu hankali. Saboda haka in uba ya ce ɗansa mai shekara ashirin ya wuni yana wasa, ba ya bukatar ya kawo wata hujja, kalmar ta riga ta gama shari'a. Shi ya sa "ai" ke zuwa masa da sauƙi.

Amma mu tuna kokawa wasa ce, dambe wasa ne, haka kuma wasan kwaikwayo, ga shi kuwa mutane da yawa da su suke ci da iyalinsu. Shi kansa uban nan, ya yiwu in ya gama faɗa gidan kallon ƙwallo zai nufa, ya biya kuɗi ya zauna minti 90 yana kallon waɗansu suna wasa.

Akwai kuma wani abin lura ga masu nazarin karin sauti. Kalmomi biyu ne muke rubutawa da haruffa iri ɗaya. Akwai wasa na yara, wanda gaɓarsa ta farko ke ƙasa ta biyu ke sama. Akwai kuma wasa na wuƙa, aikatau, gaɓar farko a sama ta biyu a ƙasa. Wannan na biyu shi ne ke cikin "wasa ƙwaƙwalwa", watau a goga ta ta yi kaifi kamar yadda ake yi wa wuƙa a dutse. In ka saurari gardamar uba da ɗa da kyau, sai ka ga a kan waɗannan kalmomi biyu suke ja. Uban yana nufin ta farko, ɗan yana nufin ta biyu, yana cewa abin yana koya masa dabara da saurin tunani da Turanci. Kowannensu yana da rabon gaskiya, gama ba duka wasannin ne iri ɗaya ba.

Tsoron iyaye ba a banza yake ba, ruwa ba ya tsami banza. Tun kafin na'ura ta zo, Bahaushe ya san yadda karta ke komawa caca. Waɗansu wasannin zamani kuwa suna sayar da wani abu kamar ƙunshi a rufe, ka biya kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. A 2018 hukumar da ke kula da caca a ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan caca ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta sani, amma ta gindaya sharuɗɗa: sai mutum ya kasa mallakar kansa a kan wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma galibi sai abin ya kai wata 12 a haka. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kaiwa wannan hali. Ƙasar Sin kuwa ta ɗauki hanya mai tsanani, a 2021 ta kafa doka cewa yaran da ba su kai shekara 18 ba, awa ɗaya kaɗai za su yi wasa ta intanet ran Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

To, kun gani, in an ajiye kalmar wasa gefe guda, tambayoyin da suka rage masu amsuwa ne. Wane iri ne yaron ke bugawa? Awa nawa? Ana sa kuɗi? Me ya bari bai yi ba domin ya je, makaranta ko salla ko aike? Uban da ya yi waɗannan tambayoyi ya fi kusa da gane ɗansa bisa ga wanda ya tsaya a kan "ai".

Wuta

Da lantarki ya zo, Bahaushe ya ari sunansa daga Turanci, amma bai sake da shi ba, sai ya jingina shi ga abin da ya sani ya ce wutar lantarki, daga baya ya taƙaita ya ce wuta kawai. Jimlolin da aka fi faɗi a kanta guda biyu ne, ko yaron goye ya san su: "an kawo wuta" da "an ɗauke wuta". Mu warware su.

Na farko, ga "an". Wannan wakilin suna ne da ba ya nuna wanda ya yi aiki. Da shi muke cewa an yi ruwa, an yi rasuwa, an ga wata. Watau mun sa wuta a layi ɗaya da abubuwan da ke sauko wa mutum ba da shawararsa ba. Na biyu, ga aikatau ɗin. F. W. Parsons, malami a Jami'ar Landan, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960. "Kawo" yana aji na shida, masu ƙarewa da wasalin o, waɗanda ke nuna aikin ya nufo mai magana, kamar sayo da ɗebo. "Ɗauke" yana aji na huɗu, masu ƙarewa da e, waɗanda ke nuna an yi aikin ƙarƙaf ko an raba abu da wurinsa, kamar kwashe da shanye. Hoton da jimlolin ke zanawa ke nan: wuta wani kaya ne a hannun wani da ba a ambata ba, in ya ga dama ya miƙo, in ya ga dama ya janye duka.

In an matsa a faɗi mai aikin, sai a ce NEPA. Wannan ma abin nazari ne, gama NEPA ta daɗe da mutuwa. An kafa ta a 1972, da aka haɗa hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwa na kogin Kwara. A 2005 aka sake mata suna PHCN, a Nuwamba 2013 kuma aka sayar da sashen rarrabawa ga kamfanoni 11 masu zaman kansu, aka miƙa tashoshin samarwa da dama ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe manyan layuka. Amma suna ya zauna a baki, yadda FIFA ta zauna a bakin samari. Illar wannan ita ce, suna ɗaya ya rufe hannuwa da yawa. Akwai mai samar da wutar, akwai mai ɗauko ta a manyan layuka, akwai mai rarraba ta gida gida yana karɓar kuɗi, akwai kuma hukumar da ke yanke farashi.

Ga yadda abin yake tafiya a taƙaice. Mafi yawan wutar ƙasan nan daga iskar gas ake samunta, tashoshin kuwa galibi suna Kudu. Sauran daga madatsun ruwa take, Kainji da aka gama a 1968 da Jebba a kan kogin Kwara, sai Shiroro da Zungeru a kan kogin Kaduna. A 2024 abin da ake rabawa duka yawanci tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000, ga jama'a fiye da miliyan 200. Wutar da ke zuwa can Arewa ta kan 'yan layuka ƙalilan take biyowa. Cikin Oktoba 2024 aka lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wanda ake ratsowa da shi ta Binuwai shi ma ya sami matsala, sai jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ɗanɗana, domin wajen kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga Nijeriya suke saye a lokacin da aka yi juyin mulkin Yuli 2023. Da aka yanke musu cikin Agusta, Yamai da Maraɗi da Damagaram duk suka ji a jikinsu, ba a mayar ba sai Maris 2024.

Da yake mutum bai san wanda ke bayan "an" ba, labarin da zai ba da ma sai ya zo da "wai". Wai za a ƙara kuɗin wuta, wai an gyara layin, wai babbar tashar ce ta faɗi. Cikin Afrilu 2024 hukumar farashi ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Wannan doka tana da mai ita, tana da sharaɗi, mai biya yana da ikon ya ƙirga awoyinsa ya kai ƙara. Amma wanda ya ji ta da "wai" ba zai san yana da wannan iko ba.

Mu dubi kuma kalmar tallafi. Tallafa ita ce ka sa hannu ƙarƙashin abu don kada ya faɗi, kamar yadda uwa ke tallafe jariri. Da aka fassara kuɗin da gwamnati ke cikawa a kan man fetur da wannan kalma, sai "janye tallafi" ya zama zare hannu a bar mutum ya faɗi. A Janairu 2012 da aka gwada, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, jama'a suka fito, aka dawo da ita 97. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. Masu goyon bayan janyewar suna cewa a 2022 kaɗai abin ya ci fiye da naira tiriliyan 4, kuma masu motoci da masu fasa-ƙwauri sun fi talaka amfana. Masu suka suna cewa talaka bai ga inda kuɗin da aka tsimi ya tafi ba. Ba nawa ba ne in raba wannan gardama a nan. Abin da nake nunawa kawai shi ne, da a ce tun farko "ciko" aka ce, ko "rangwame", da masu magana ba daga wuri ɗaya za su taso ba.

Haka nan makamashi, kalmar da gidajen rediyo ke fassara wannan fanni duka da ita. Asalinta abin da wuta ke kamawa ne, watau itace da kara. Ga uwargida kuwa har gobe ma'anar ke nan. In maza suna maganar layuka da megawat a ƙofar gida, ita lissafinta a cikin gida na itace ne da gawayi da tukunyar gas, kuma ba kasafai ake tambayarta ba.

Akwai wurin da "an" ke ɓacewa. Mutum yakan ce "na ta da inji", ko "na sa sola", ko "mun haɗa kuɗi mun gyara taransifoma". Duk inda wuta ta zama ta hannun mutum, sai wakilin suna ya dawo da fuskarsa. A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi iko su samar da wuta su rarraba su kafa hukumominsu. Ko wannan zai sa jama'a su fara kiran mai aikin da sunansa, lokaci ne zai nuna.

Abin sha'awa

Turawan Ingila suna da kalma ɗaya, hobi, wadda suke kiran duk abin da mutum ke yi don jin daɗin ransa bayan aiki, ko tara kan sarki ne, ko shuka furanni, ko kamun kifi. Asalin kalmar daga dokin wasan yara ta fito, irin wanda namu yaran ke kira dokin kara. Watau su ma daga wasan yara suka ɗauko ta, sai dai tafiya ta yi tafiya ta wanke.

Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta yi daidai da wannan. Masu fassara sukan ce abin sha'awa, ko abin nishaɗi, ko abin ɗebe kewa, kowace kuwa da nata nauyi. Sha'awa daga Larabci take, kuma tana iya karkata zuwa son zuciya. Nishaɗi ma daga can yake, inda yake nufin kuzari da himma, da ya zo Hausa ya koma walwala. Ɗebe kewa kuwa yana nuna kamar akwai wani rashi da ake cikewa.

Kada wani ya ɗauka rashin kalmar yana nufin rashin abin. Bahaushe yana da kiwon tattabaru, da kilisa, da farauta, da su, da dara mai gidaje 30 wadda kowane ɗan wasa ke shiga da 'ya'ya 12. Mata suna da saƙa da ɗinkin hula da kitso da ƙunshi, ga karatun littattafan hikaya da sauraron rediyo. Kowanne da sunansa, ba a dai tara su a rumbu ɗaya ba. Dalili kuwa, a ganina, shi ne yadda ake rabon lokaci. Kalmar Turawa ta yi ƙarfi ne cikin mutanen da agogo ke sallama daga aiki kowace yamma. Manomi kuwa shekara ce ke sallamarsa, da damina ba hutu, da kaka da rani ne ake kokawa da dambe da farauta.

Abu na biyu shi ne, a wurinmu abin sha'awa yakan sami mutunci in ana iya kiransa kiwo ko sana'a. Mai tattabaru zai ce kiwo yake yi, ko da abin da yake kashewa a hatsi ya fi abin da yake samu. Mai ɗinkin hula za ta ce sana'a ce, ko da don daɗin hira take yi. Da wannan lulluɓi mutum kan ce "ni dai tattabaru", a ƙyale shi, a ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanda ba shi da lulluɓi shi ne ɗan dara, da aka daɗe ana yi wa gorin zaman banza, ga shi yanzu ya sami magaji, watau ɗan gem. Shi ya sa in ka ji saurayi yana kare kansa, da wuya ya ce daɗi yake ji kawai. Sai ya ce ai a waɗansu ƙasashe ana gasa ana samun kuɗi, ko ya ce shi ma shago zai buɗe. Yana neman ya fitar da abinsa daga wasa ya shigar da shi sana'a, domin ya san nan ne kaɗai harshe zai ba shi mafaka.

Bambanci ɗaya babba tsakanin na da da na yanzu shi ne wuta. Langa da gaɗa da tatsuniya ba su bukatar kome sai dandali da farin wata. Dara ƙasa ce da tsinke da tsakuwa. Amma gem da kallon fim da hira ta waya duk sai da caji. Ta haka nishaɗin yaro ya rataya a kan layin Shiroro da farashin lita, abin da bai taɓa faruwa ga kakansa ba.

Abin da ya rage gare mu

Mu koma gidan gem inda muka fara. Uban yana da "ai", mai shago yana da "wai", yaron yana da "dai", kowa ya faɗi nasa ba wanda ya ji wani. Da uban zai sauko ya ce "ni dai ina tsoron kada karatunka ya lalace", da ɗan ya sami abin amsawa. Da mai shago zai san wanda ke bayan "an", da ƙunƙuninsa ya zama ƙara mai adireshi.

Mu kuma masu nazarin Hausa da masu fassara a rediyo da jaridu, akwai nauyi a kanmu, gama mu ne ke raɗa wa sababbin abubuwa suna, sunan da muka raɗa kuwa shi jama'a za su yi gardama da shi shekara da shekaru. Ya kamata kafin mu ce tallafi ko wasa ko sha'awa, mu tsaya mu duba kayan da kalmar ta ɗauko. In za mu ba da labarin wuta, mu faɗi wanda ya ƙara kuɗi da wanda ya kasa gyara layi, mu rage "an". Ina kuma roƙon ɗalibanmu, in sun tafi hutu, su zauna majalisun garuruwansu su kasa kunne, su rubuto yadda ake faɗin waɗannan abubuwa a Sakkwato da Bauci da Damagaram, domin abin da na kawo nan na kunne ɗaya ne. Allah ya sa mu dace.